Darasi Ga Magatakarda da Ma'aji: A Raba Kuɗin Kaya da Kuɗin Aiki

'Yan'uwa manoma, jam'iyyun gama kai da yawa suna da shafi guda a littafinsu mai suna "kuɗin da ya shigo". A nan ake zuba kuɗin taki, da na niƙa, da na hayar garmar shanu, har da kuɗin shiga na sababbin membobi. Ƙarshen shekara ma'aji ya tara, ya ce an sami riba. Amma in ka tambaye shi wace sana'a ce ta kawo ribar, wace ce kuma ta ci, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne. Littafin ne bai raba ba.

Ciniki iri biyu ne. Akwai sayar da kaya, wato abin da ake aunawa ko a ƙirga, mai saye ya ɗauka ya tafi da shi: taki, iri, maganin feshi, hatsi. Akwai kuma sayar da aiki, inda mutum yake biya a yi masa wani abu, kayan aikin kuwa su zauna a hannun jam'iyya: niƙa, huɗa, sussuka, ɗaukar kaya a amalanke. Hanyar sa wa kowanne farashi dabam take.

Na kaya ba shi da wuya. A ce mun sayi buhun taki Naira 40,000, kuɗin mota 1,500, 'yan dako 500. Ya tsaya mana a 42,000 ke nan, a kan wannan za a ɗora riba. Sai dai kafin a yanke, a aika wani ya jiwo yadda ake sayarwa yau. In buhu ya koma 46,000 muka sayar a 44,000, littafi zai nuna riba, amma kuɗin ba zai sake cika ɗakin ajiya ba. Ga hatsi kuma a tuna da ramewa, da ɓarnar ɓera da ƙwari.

Aiki shi ne inda jam'iyyu suke faɗuwa, domin babu rasit ɗin saye da za a duba. Mu ɗauki injin niƙa, mu yi lissafin misali. An saye shi Naira 600,000, muna zaton zai yi shekara 5. Kowane wata yana tsufa da Naira 10,000 ke nan, ko da ba wanda ya zo karɓar wannan kuɗi. Man inji a wata 30,000, ladan mai kula da shi 20,000, gyara da bel 10,000. Duka 70,000. In ana niƙa tiya 700 a wata, kowace tiya ta ci mana Naira 100.

To, a ce kwamiti ya tausaya wa membobi ya ce a karɓi 90. Wata ya ƙare, an tara 63,000, an kashe 60,000, saura 3,000 a akwati. Kowa ya yi murna. Alhali kuwa hasarar 7,000 aka yi, a shekara 84,000. Ba za a gane ba sai ran da injin ya mutu, aka buɗe akwati babu na sayen wani. In kuwa kuɗin niƙa a haɗe yake da na taki, ribar taki ce take rufe ramin, shekara da shekaru. Shanun huɗa ma haka suke. Aikinsu na 'yan makonni ne a farkon damina, amma harawa da dusa da magani na wata goma sha biyu ne.

Wani ciniki yakan zo a gauraye. Memba ya ce a fesa masa gonar wake. A nan an sayar masa da magani, an kuma yi masa aiki. Kada a rubuta "feshi" kawai. A yi layi biyu, magani a shafin kaya, ladan feshi a shafin aiki. Kuɗin shiga, da hannun jari, da rance, da gudummawa kuwa ba ciniki ba ne sam. A ba su nasu shafin.

Yanzu wasu jam'iyyu suna lissafi a kwamfuta ko a waya. Dokar ba ta sake ba. Manhajojin lissafi irin su QuickBooks, in za ka shigar da sabon abin sayarwa, sukan tambaya ko kaya ne ko aiki. In ka ce kaya ne na ajiya, duk buhun da aka sayar sai ta rage shi daga adadin da ke ɗaki. In ka shigar da taki a matsayin aiki, ba za ta ƙirga buhuna ba, ka ga ɓarawo ya sami hanya. Haka kuma ba za ta tuna maka da tsufan inji wajen sa farashi ba, sai kai ka sa shi. Rabuwar tana da amfani wajen haraji ma. A Nijeriya harajin VAT ya koma 7.5 cikin ɗari a 2020, amma ba a ɗora shi a kan muhimman kayan abinci, saboda haka ba a yi wa kowane ciniki kuɗin goro.

Kafin taro mai zuwa, magatakarda ya ɗauko cinikin wata uku da suka wuce, ya raba su shafi uku: kaya, aiki, da wanda ba ciniki ba. Ma'aji da mai inji su zauna su fitar da abin da tiya guda take ci. A karanta wa membobi duka a fili, sa'an nan a yi maganar farashi.