Haƙorin Kada: Ganyensa Magani, 'Ya'yansa Dafi

Manoma, kun san haƙorin kada, watau tsiron nan mai ƙaya da fure rawaya wanda kan fito a kufai da bakin rafi. Asalinsa daga Meksiko ne. A ƙasar Mali akan dafa ganyensa a sha saboda zazzaɓin cizon sauro, masana kuwa sun gwada, sun ga yana taimakon manya. Amma yaro ƙarami, sai a kai shi asibiti.

'Ya'yansa baƙaƙen nan dafi ne. Cikin 1998, a birnin Delhi na Indiya, mansu ya shiga man girki, ƙafafun mutane suka kumbura, wajen mutum 60 suka mutu. Saboda haka, dagatai, ku sa a tuge shi daga gefen masussuka tun bai zubar da 'ya'ya cikin hatsi ba.