Gudummawar Al'umma Wajen Adana Gine-ginen Tarihi: Nazari Daga Shahuci da Gidan Makama

1.0 Gabatarwa

Shahuci unguwa ce a cikin birnin Kano, ba nisa da fadar Sarki. Wannan darasi zai duba matsayinta a tarihin ilimi, da na Gidan Makama da ke kusa da ita, sannan ya bayyana hanyoyin da Hausawa ke bi wajen kula da irin waɗannan gine-gine na jama'a.

1.1 Tarihin Wuraren

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero (1926–1953) aka buɗe Makarantar Shari'a ta Shahuci a shekarar 1928, domin horar da alƙalai da ma'aikatan kotu. Haka kuma makarantar elemantare ta Shahuci ta yaye mutane da dama, ciki har da Malam Aminu Kano.

Shi kuwa Gidan Makama, ana danganta gininsa da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun yi amfani da shi a matsayin ofis, daga baya ya zama makaranta. Yanzu wani sashe nasa gidan adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi, wadda aka kafa a 1979.

1.2 Barazanar da Ginin Ƙasa Ke Fuskanta

Babban abokin gabar ginin ƙasa shi ne ruwa. Idan indararo ya toshe, ruwa kan kwanta a kan soro, ya ratsa rufin, ya jiƙa azara, har ɗakin ya rufta. Damina guda ta sakaci kan isa ta rusa abin da ya shekara ɗaruruwa a tsaye. Ga kuma ƙarancin magina na gargajiya, domin samari sun karkata ga bulo da siminti.

1.3 Rawar Al'umma

A da can, gyaran ganuwa da masallatai da zaurukan taro aikin gayya ne. Mai unguwa kan yi shela kafin saukar damina. Samari su haƙo ƙasa, su kwaɓa ta da ciyawa, magina su yi yaɓe, mata su dafa abinci, attajirai kuma su ɗauki nauyin azara. Sai a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko a yi wa rufi laso domin ya hana ruwa shiga. Wannan ne ma'anar karin maganar nan, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

1.4 Kammalawa

Hukuma na iya sanya doka, amma maƙwabtan gini ne ke fara ganin tsagewar bangonsa. Don haka wajibi ne malamin Hausa ya riƙa kai ɗalibai ziyarar irin waɗannan wurare, ya koya musu kalmomin gini, domin idan sana'a ta mutu, kalmominta kan bi ta.

Auna Fahimta

1. Kawo muhimmancin Shahuci a tarihin ilimi a Kano.
2. Bayyana ma'anar azara da makuba da laso.
3. Zaɓi wani tsohon gini a garinku, ka tsara yadda za a gyara shi ta hanyar gayya.