Ƙarin kashi 15 ba a sayar da shi ta bayan gida

Ranar Talata wata tsohuwar malamar firamare ta shigo ofishina da kwafin fom a ninke cikin leda. Kuɗin sallamarta ne ta zuba a wani tayin hannun jari da jama'a suka yi wa rububi. Wani yaro mai kwat, wai shi dillali, ya ce mata an sayar da komai, amma akwai ƙarin kashi 15 da aka ɓoye wa na gida, in ta ba da na goro zai cusa sunanta. Ta bayar. Da na buɗe fom ɗin sai raina ya ɓaci: lambar CSCS, wato lambar asusun ajiyar hannun jari, ba tata ba ce, asusun da za a mayar da rarar kuɗi ma nasa ne. Rabo ya fito, hannun jari da canji duk suka tafi wurinsa.

"Ɗana, yanzu shi ke nan?"

Na ce, "Mama, za mu rubuta wa SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari." Ban iya yi mata alƙawarin komai ba.

Ƙarin nan gaskiya ne, amma yana rubuce a takardar tayi tun ranar farko. A Amurka, inda ake kiransa da sunan kamfanin takalmi na Green Shoe, bankunan da suka tsaya wa tayi kan sayar da kashi 115. In farashi ya faɗi su saye rarar a kasuwa don tallafe shi, in ya hau su karɓa daga kamfanin a farashin tayi cikin kwana 30. Haka Aramco ta Saudiyya ta ƙara hannun jari miliyan 450 a Janairun 2020, kuɗin ya tashi daga dala biliyan 25.6 zuwa 29.4. Nan gida, a tayin MTN na 2021, miliyan 575 aka fitar a kan naira 169, da buƙata ta yi yawa aka ƙara miliyan 86.25. Duk ta ƙa'idar rabo, ba ta hannun wani mai kwat ba.

Na goro ba ya ƙara maka ko hannun jari ɗaya. Kada ka sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba. Duba rajistar dillali. Asusunka, sunanka, lambarka. Na gaji da faɗa, asusunka! Masu ciwo bashi su nemi ninki don suna tsammanin za a zaftare rabo, ku ma ina ganinku.

Jiya malamar ta kira ni, ta ce lambar yaron har yanzu a kashe take.