YADDA ƘWAYAR ZAZZAƁIN SAURO KE SHIGA ƘWAYOYIN JINI

Darasi domin Hakimai da Malamansu

1. Babu hakimin da bai san yadda zazzaɓi ke kwantar da talakawansa da damina ba, daidai lokacin da gona ke bukatar hannu. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana abin da ke faruwa cikin jikin majiyyaci, gama wanda ya san hanyar ɓarawo shi ya san inda zai yi tsaro.

2. A shekarar 1880 wani likitan Faransa, Laveran, ya fara ganin ƙwayar wannan cuta da madubin likita a ƙasar Aljeriya. A 1897 kuma Ronald Ross ya same ta cikin cikin sauro a Indiya. Macen sauro ce ke zuba ta cikin jiki in ta yi cizo. Daga nan ƙwayar ta kan wuce hanta, ta yi kamar mako guda tana hayayyafa, sa'an nan dubbai su fito su bazu cikin jini.

3. A ɗigon jini guda akwai miliyoyin jajayen ƙwayoyi, kowace da tantanin da ya kewaye ta. Ku ɗauki ƙwayar jini kamar birni, tantanin nan shi ne ganuwarsa, a jikinsa kuwa akwai ƙofofi iri iri. Ƙwayar cuta ba ta iya daɗewa a fili, domin dakarun jiki za su hallaka ta. Saboda haka sai ta manne wa ganuwa, ta laluba har ta sami ƙofar da ta dace da mabuɗinta, ta kutsa kai, ƙofa ta rufu a bayanta. Duk wannan ba ya wuce minti ɗaya ko biyu.

4. Shaidar wannan magana tana jikinmu. Akwai wani irin zazzaɓi, vivax, wanda ya yawaita a Indiya. Ƙofar da ya saba bi sunanta Duffy. A 1976 masana suka tabbatar cewa wanda ba shi da ita da wuya wannan iri ya kama shi, ga shi kuwa yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da ita. Amma irin da ya addabi ƙasarmu, watau falciparum, mabuɗansa da yawa, shi ne kuma mafi kisa.

5. In ta shiga, sai ta cinye abin da ke sa jini ja, ta rarrabu, bayan kamar sa'a 48 ta fasa ƙwayar jinin, 'ya'yanta su fito su nemi sababbi. Fashewar nan ita ke kawo sanyi da makyarkyata da zafin jiki. Yawan fashewa kuma shi ke sa a ga yaro ya ɗashe, jininsa ya ƙare.

6. Akwai wata dabara tata wadda ta fi wannan muni. Aikin saifa ne ta tace jini, ta kawar da ƙwayoyin da suka lalace. Domin ta kauce wa saifa, ƙwayar cuta ta kan fito da waɗansu ƙulle-ƙulle masu danƙo a bayan ganuwa, sai ƙwayar jinin ta liƙe a jikin ƙananan jijiyoyi. In haka ta faru a ƙwaƙwalwa, yaro ya kan yi taune-taune ya suma, jama'a su ce iska ce. In a mahaifa ne, a kan haifi jariri ƙarami, ko ciki ya zube.

7. A 1954 likita Allison ya nuna cewa wanda ya gaji alamar amosanin jini daga mahaifi ɗaya kaɗai ya fi tsira daga mummunan zazzaɓi, domin ƙwayar jininsa ba ta yi wa baƙon daɗin zama. Amma wanda ya gada daga uwa da uba, shi ke fama da ciwon. Wannan ne dalilin gwajin jini kafin aure.

8. To, me ya kamaci shugaba? A binciken da aka yi a ƙasar Garki daga 1969 zuwa 1976, feshi da magani sun rage cutar ƙwarai, amma ba su kawar da ita ba. Ashe aikin na kullum ne. A umurci dagatai da masu unguwanni su sa a cike kududdufai, a riƙa kwana cikin gidan sauro. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa ran nan, kada a jira gobe, gama kowane kwana biyu ƙwayoyin suna ninkuwa ninki da yawa. In an ba da magani na kwana 3, a shanye shi duka ko da an ji sauƙi. Wanda ya suma kuwa, asibiti za a nufa da shi ba da jinkiri ba.

9. A watan Disamba na 2024 aka soma yi wa yara allurar rigakafin wannan zazzaɓi a jihohin Kebbi da Bayelsa. Ita tana tare ƙwayar ne tun kafin ta shiga hanta, amma ba ta ɗauke wa kowa bukatar gidan sauro ba. Malamin hakimi ya karanta wa dagatai wannan takarda a zaman majalisa, su kuma su isar wa jama'arsu.