Darasin tsabta: kula da darduma da tabarma

Darasinmu na wannan fitowa a kan shimfiɗar ɗaki ne. A gidajenmu na Babankatami da sauran garuruwan Buza, Madawa da Keita, a ƙasa muke zama, a ƙasa muke cin abinci. Jinjiri kuwa bisa shimfiɗa yake rarrafe, hancinsa dab da ita. Duk abin da darduma ta ɓoye, shi ne yake fara shaƙa. Don haka tsabtar shimfiɗa maganar lafiya ce tun kafin ta zama maganar ado.

Abin da shimfiɗa take ɓoyewa

Ƙasar Adar ƙasar iska ce. Saboda iskar nan ne aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Magiya tun shekarar 1975, don a kare gonaki. Amma ƙurar hunturu ba ta bar shiga ɗaki ba. Tana sauka cikin gashin darduma, ta kwanta can ƙasa inda tsintsiya ba ta kai. Idan yara suka yi tsalle, sai ta tashi. Wannan ƙura tana kawo tari da atishawa, tana kuma tayar wa mai ciwon fuka da ciwonsa. Yashin da ke cikinta yana cin zaren darduma duk lokacin da aka taka.

Bayan ƙura akwai ƙwari. Kuɗin cizo yana ɓuya a gefen shimfiɗa, ya hana mutane barci. Ƙuma tana zuwa daga dabbobi. Ƙwayar ƙazwa tana iya rayuwa kwana 2 zuwa 3 a shimfiɗa bayan ta bar jikin mutum. Asu yana cin ulu, gara tana cin kaba. Idan kuma shimfiɗa ta jiƙe ba ta bushe ba, fumfuna tana fara kama ta cikin kwana 1 ko 2.

Mu san irin shimfiɗarmu

Ba kowace shimfiɗa ce take son ruwa ba.

Tabarmar kaba, irin wadda aka san ƙasar Madawa da saƙa ta, ba a jiƙa ta cikin ruwa. Kakkaɓewa ake yi, a goge da tsumma mai ɗan danshi, a shanya.

Tabarmar roba da dardumar zaren roba suna jure ruwa da sabulu, amma wuta ce abokiyar gabarsu. Garwashin shayi ɗaya yana huda su.

Dardumar ulu tana da tsada, tana kuma daɗewa. Ruwan zafi yana sa ta ƙanƙance, ruwan jabel yana cin gashinta.

Buzu ba a tsoma shi cikin ruwa, don fatar tana ƙandarewa. A kakkaɓe shi, a taje gashin, a sa shi ya sha iska a inuwa.

Aikin kowane mako

1. A cire takalmi a bakin ƙofa.
2. A fitar da darduma, a rataye ta bisa igiya mai ƙarfi ko reshen itace.
3. A buge ta da sanda mai santsi ta baya, ba ta fuska ba, har ƙura ta daina fita.
4. Mai bugun ya rufe hanci da baki da ƙyalle, ya juya wa iska baya. A yi nesa da yara, da abinci, da randar ruwan sha.
5. A share ƙasan ɗakin kafin a mayar da ita. A riƙa juya ta, don kada gefe ɗaya ya riga ɗaya lalacewa.

Wannan aiki bai buƙatar ruwa ko kuɗi, amma shi ne rabin tsabtar darduma.

Idan wani abu ya zube

Gaggawa ita ce magani. A danna tsumma mai tsabta bisa wurin don ya tsotse, kada a cuɗa, domin cuɗawa tana tura tabon ciki. A fara daga gefen tabon zuwa tsakiya. Jini da nono, da ruwan sanyi ake wanke su. Ruwan zafi yana kafe su. Idan man miya ne, a fara kwashe shi da cokali, sa'an nan a sa kumfar sabulu kaɗan. Fitsari ko kashin yaro kuwa, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu, mai wankin kuma ya wanke hannunsa, don ta nan ƙwayoyin zawo suke bi daga yaro zuwa yaro. Kada a zuba ruwan jabel bisa fitsari: haɗuwarsu tana fitar da iska mai cutar da ido da ƙirji.

Babban wanki

Sau 1 ko 2 a shekara ya isa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bazara, sa'ad da zafi yake wuce digiri 40, ko kuma bayan damina idan sama ta washe. A fara da safe.

Da farko a buge ƙura sarai, don ƙura da ruwa laka suke zama. Na biyu, a jiƙa farin tsumma a danna a kusurwar darduma. Idan launi ya fito a tsumman, dardumar tana zuba, sai a tsaya ga goge ta da kumfa kawai. Na uku, a shimfiɗa ta bisa siminti ko leda mai tsabta, a goge da buroshi mai taushi, ana bin inda gashin ya kwanta. Sabulu kaɗan ake sawa. Wanda ya yawaita shi zai sha wahalar ɗauraya, ga shi ruwa yana da wuya a wurinmu, kuma sauran sabulun da ya rage yana kama sabon datti. Na huɗu, a ɗauraye, a naɗe ta a danne don ruwa ya fita, kada a murɗa. Daga nan a shanya ta, bayanta yana duban rana don kada launi ya koɗe. Ba a mayar da ita ɗaki sai hannu ya tabbatar ciki da baya sun bushe ƙarau.

Gargaɗi ga manoma

Waɗansu suna fesa wa shimfiɗa maganin ƙwarin albasa ko na wake don kashe kuɗin cizo. Waɗansu suna ajiye ƙwayar maganin rumbu a ɗakin kwana. Wannan ganganci ne. Dafin yana zama cikin gashin darduma, yaro ya taɓa ya kai baki. Ƙwayar rumbu kuwa iska mai kisa take fitarwa. Kada kuma a baza iri mai magani bisa tabarmar da ake cin abinci.

Abin da ya dace shi ne a bugi shimfiɗa, a baza ta a rana mai zafi, a goge gefunanta da buroshi, a kuma liƙe tsagar bango inda ƙwarin suke ɓuya. Idan ƙazwa ta shiga gida, a je gidan likita, a yi wa mutanen gidan magani gaba ɗaya. Shimfiɗar da ba ta wankuwa a ƙulle ta cikin leda har mako 1.

Yaushe ake kai wa masu sana'a?

A manyan garuruwa kamar Tawa, Maraɗi da Yamai akwai masu wankin kafet da inji. Sau da yawa su ne masu wankin mota. Babban kafet, ko na masallaci, ko wanda ruwan sama ya ci, gara a kai musu. Kafin a ba su, a nuna musu tabo da wurin da ya yage, a faɗa musu idan ulu ne don su rage ƙarfin ruwa, a kuma yi ciniki tun farko. Ranar karɓa a taɓa bayansa, a sansana. In akwai danshi ko wari, aiki bai ƙare ba.

Ajiya

Darduma naɗe ta ake yi, ba a ninke ta, don ninki yana karya zare. A ɗora ta bisa katako ko a rataye ta, nesa da ƙasa. A duba ta kowane wata, musamman da damina.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Don me ake bugun darduma kafin a sa mata ruwa?
2. Wace shimfiɗa ce ba a tsoma ta cikin ruwa?
3. Wane haɗari ke cikin fesa maganin gona a ɗaki?

Kowa ya rubuta amsarsa a littafinsa, ya kuma karanta wa mutanen gidansa. Rigakafi ya fi magani.