Man Dogon Yaro da Ajiyar Wake

'Yan'uwa na Jega, Aliero da Maiyama, da zarar kaka ta yi, ƙwaro yakan zo neman rabo a abin da bai noma ba. Macen takan manna ƙwai a jikin wake, tsutsa ta huda ciki, cikin wata guda sabon ƙwaro ya fito. Da yawanmu mukan yayyafa guba irin su Sniper, mu kai cuta cikin tukunyar iyali. Saboda irin wannan guba Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015.

Alhali ga magani a ƙofar gida. A shanya 'ya'yan dogon yaro, a ɓare, a daka, a matse mai. Mililita 2 zuwa 3 sun ishi kilo guda na wake busasshe sarai; a cuɗanya har ya yi sheƙi. Man yakan toshe wa ƙwan numfashi. Kafin dafuwa a wanke da ruwan zafi domin ɗaci.

Man kanumfari da na ɗoɗɗoya su ma suna korar ƙwaro, amma ƙarfinsu yakan bi iska da sauri. A ganinmu, kada a dogara gare su sai cikin jarka mai rufuwa gam.