Amsar Tambaya: Sabar Fayiloli Mai Hana Shiga Jefi-Jefi

Tambaya: Me ke sa sabar ofis ta riƙa hana ma'aikata buɗe fayiloli da hantsi, lokacin da aiki ya kankama, alhali da yamma lafiya lau take?

Amsa: Matakin farko shi ne a riƙa rubuta lokacin da matsalar ta auku da kwamfutar da ta shafa, sannan a kwatanta da Event Viewer, wato kundin da Windows ke adana rahoton kurakurai a ciki. Idan sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da fayilolin kowa, tana aiki da Windows 10 ko 11, ba ta karɓar haɗi fiye da 20 a lokaci guda, don haka duk wanda ya zo bayan adadin ya cika za a hana shi shiga, kuma maganin wannan shi ne komawa Windows Server ko Samba, wato manhajar raba fayiloli. Idan kuwa fayil ɗaya ne ke ƙin buɗewa, galibi wani ne ya bar shi a buɗe har ya kulle, kuma ana iya sakinsa ta Computer Management, wato sashen kula da kwamfuta na Windows. Umarnin ping -t, wanda ke aika saƙon gwaji ba ƙaƙƙautawa, yakan fallasa lalataccen kebul. Wajibi ne a riƙa gyara abu ɗaya-ɗaya domin a gane ainihin musabbabin.